Shirin Auna Barazana a Makarantun Amurka: Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?



Da farko muna miƙa godiyarmu ga shugabannin wannan ƙungiya tamu, saboda damar da suka ba mu ta tsayawa a gabanku a yau. Batun da za mu tattauna ya shafi wata dabara da makarantun ƙasar Amurka suka runguma don kare ɗalibai daga harin ɗalibai 'yan'uwansu, watau abin da za mu kira shirin auna barazana. Tambayar da ke gabanmu gajeruwa ce, amma amsarta tana da tsawo: shin wannan shiri ya ƙara wa ɗalibai tsaro? In kuwa an ce ya ƙara, da wane mudu aka auna, kuma wa ya riƙe mudun? Yawancinmu da ke zaune a nan gobe mu ne malamai da shugabannin makarantu da jami'an ma'aikatun ilmi, saboda haka ya kamata tun yanzu mu koyi yadda ake tuhumar shiri kafin a yabe shi ko a kushe shi.

Bari mu fara da abin da ake yi kafin shirin ya bayyana. A shekarar 1994 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka cewa duk ɗalibin da aka kama da bindiga a makaranta, a kore shi na tsawon shekara guda a ƙalla. Daga nan sai makarantu da yawa suka faɗaɗa abin, suka ɗauki manufar ba sani ba sabo: yaron da ya zo da wuƙar yanka 'ya'yan itace, da wanda ya furta baƙar magana cikin fushi, da wanda ya zo da mugun nufi, duk sanda ɗaya ake dukansu da ita. Ana cikin haka, ranar 20 ga watan Afrilu na 1999, ɗalibai biyu suka shiga makarantarsu ta sakandare ta Columbine a Jihar Kolarado, suka harbe ɗalibai 12 da malami ɗaya a wannan rana, sa'an nan suka kashe kansu. Wannan ta'asa ta girgiza ƙasar, ta kuma nuna cewa tsananin kora bai toshe ƙofar ba. Daga baya ma, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, a rahoton da aka buga a 2008, ta ce ba ta ga hujjar da ke nuna manufar ba sani ba sabo ta gyara tarbiyya ko ta ƙara tsaro ba.

Bayan abin da ya faru a Columbine, sai hukumar da ke tsaron lafiyar shugaban ƙasar Amurka ta haɗa kai da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya suka yi bincike. Sun bi diddigin hare-hare 37 da mahara 41 suka kai a makarantu daga 1974 zuwa 2000, suka fito da rahotonsu a 2002. Abubuwa uku daga cikin abin da suka gano su ne harsashin wannan shiri. Na ɗaya, babu wata kama ta musamman da za a gane mahari da ita. Akwai mai ƙoƙari a aji da marar ƙoƙari, akwai mai abokai da marar su. Na biyu, harin ba ya zuwa kwatsam, ana shirya shi ne a hankali. Na uku, a kashi 81 cikin ɗari na hare-haren, akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san da maganar tun kafin a kai harin, kuma galibi ɗalibi ne ɗan'uwan maharin. Har ila yau sun lura cewa yawancin maharan ba su yi wa wanda suke nufi barazana ido da ido ba, sai dai sun faɗa wa wasu. Watau dai, kamar yadda Hausawa kan ce, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta ɓaci.

To, mene ne shirin kansa? A taƙaice, kowace makaranta takan kafa ɗan kwamiti wanda ya ƙunshi shugaban makaranta ko mataimakinsa, da malamin ba da shawara, da masanin halayyar yara, da ɗan sandan da ke kula da makarantar. Idan aka kawo rahoton cewa wani ɗalibi ya furta ko ya rubuta ko ya aikata abin da ke nuna zai cuci wani, sai kwamitin ya zauna da shi, ya ji ta bakin shaidu da wanda aka yi wa barazanar, ya binciki abin da ya kawo maganar. Tsarin da ya fi shahara shi ne wanda Farfesa Dewey Cornell da abokan aikinsa suka shirya a Jami'ar Birjiniya a 2001. Shi wannan tsari ya raba barazana gida biyu. Akwai ta fatar baki, irin ta wasa ko ta ɓacin rai, wadda kan wuce da bayani da ba da haƙuri. Akwai kuma mai tushe, wadda ke da alamar niyya, kamar a ce yaron ya ambaci rana da wuri, ko ya nemi makami, ko ya gayyaci wani ya taya shi. Idan ta zama mai tushe, sai a gargaɗi wanda ake hari da iyayensa, a kira iyayen mai barazanar, a sa ido a kansa, in ta yi tsanani a duba lafiyar tunaninsa, a rubuta matakan da za a bi, a kuma riƙa bibiya. Manufar ita ce a kashe wutar tun tana ƙarama, ta hanyar warware matsalar da ta hura ta.

Abin lura shi ne, masifa ce ta riƙa yaɗa wannan shiri, mataki bayan mataki. Bayan kisan mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007, Jihar Birjiniya ta wajabta wa manyan makarantunta na gwamnati kafa irin wannan kwamiti a 2008. Bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a watan Disamba na 2012, sai jihar ta wajabta shi a dukkan makarantun firamare da sakandare na gwamnati a 2013, ita ce kuwa ta fara yin haka a ƙasar. Jihar Fulorida ta bi sahu a 2018, Jihar Tekzas a 2019, wasu jihohi kuma suka biyo baya. Dokar da aka kafa cikin juyayi ba lalle ne ta jira hujja ba, don haka aikin masu nazari ne su biyo ta a baya da ma'auni.

A ganinmu, mudu uku ne ya kamata a auna wannan shiri da su, kuma yawancin gardamar da ake yi a kansa ta samo asali ne daga cuɗanya su wuri ɗaya.

Mudu na farko shi ne: me ke samun yaron da aka kai ƙararsa? A nan ne hujja ta fi ƙarfi. A gwajin farko da aka yi wa tsarin Birjiniya, wanda aka buga sakamakonsa a 2004, an bi makarantu 35 har tsawon shekarar karatu guda, aka samu barazana 188. Kashi 70 cikin ɗari sun zama na fatar baki. Ɗalibai 3 kaɗai aka kora baki ɗaya, 6 kuma aka kama. Ku kwatanta wannan da abin da zai faru a ƙarƙashin manufar ba sani ba sabo, inda da yawa daga cikin yaran nan za su sami kansu a titi. A 2009 an buga wani nazari da ya kwatanta makarantun sakandare 280 na jihar, aka ga ɗaliban makarantun da ke bin tsarin sun fi ƙarancin kukan cin zali, sun fi yarda su nemi taimako wajen malamai, kuma dakatarwa mai tsawo ta fi ƙaranci a can. Sai dai mai hankali zai ce, ai mai yiwuwa ne makarantun da suka zaɓi tsarin dama can su ne masu shugabanci nagari. Don amsa wannan ne aka yi gwajin da aka buga a 2012, inda aka ɗauki makarantu 40 aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka horar da ma'aikatansu, rabi aka ce su ci gaba da yadda suka saba, sa'an nan aka bi ɗalibai 201 da suka yi barazana. An tarar cewa a makarantun da aka horar, yaran sun fi samun shawarar ƙwararru, an fi kiran iyayensu a zauna da su, an kuma fi ƙarancin dakatar da su na dogon lokaci ko sauya musu makaranta. Tun da ƙuri'a ce ta raba makarantun, da wuya a ce halin shugabanni ne ya kawo bambancin. A wannan mudu, lalle shirin ya cika.

Mudu na biyu shi ne wanda iyaye suka fi damuwa da shi: shin shirin ya rage kisa? A nan sai mu yi hattara, domin lissafi kansa ya tsaya a kan hanya. Ita dai hukumar da muka ambata ɗazu ta sake wani bincike a 2019, inda ta tattara hare-hare 41 da ɗalibai ko tsofaffin ɗalibai suka shirya suka kai wa makarantunsu daga 2008 zuwa 2017, watau kimanin huɗu a shekara. Ƙasar kuwa tana da makarantun firamare da sakandare kusan 130,000. In muka yi lissafi da waɗannan alƙaluma, mai binciken da ya zuba wa makarantu 40 ido zai jira wajen shekara 800 kafin ya ga irin wannan hari sau ɗaya. Ko da a ce adadin hare-haren ya ninka haka sau goma, jiran shekara 80 ne. Saboda haka gwajin 2012, duk da kyansa, ba zai iya faɗa mana kome ba game da kisa, kuma masu shi ba su yi da'awar haka ba. Haka abin yake a Jamus, inda bayan hare-haren Erfurt a 2002 da Winnenden a 2009 masana a Berlin suka shirya nasu tsarin. Da suka zo auna shi a makarantu kusan 100, abin da suka iya aunawa shi ne ƙaruwar sanin malamai da iya gane yaron da ke cikin damuwa.

Masu goyon bayan shirin sukan kawo wata hujja. A nazarin da aka yi wa ƙararraki 1,865 daga makarantu 785 na Birjiniya bayan dokar 2013, barazanar da aka kai ga aiwatarwa ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Wannan labari ne mai daɗi, amma mu tambayi kanmu: da ba a yi kome ba, nawa ne za a aiwatar? Mun riga mun ji cewa mafi yawan barazanar yara ta fatar baki ce, wadda ko an bincika ko ba a bincika ba iska za ta kwashe ta. Mai maganin da yawancin masu zuwa wurinsa mura ce ke damunsu, ba zai kafa hujja da yawan waɗanda suka warke ba. Haka kuma a 2021 an fito da rahoto kan makirce-makirce 67 da aka daƙile daga 2006 zuwa 2018, mafi yawansu saboda wani ya ji magana ya kai rahoto, sau da yawa ɗalibi. Wannan ya ƙarfafa tushen shirin, watau cewa alamu kan bayyana kuma sauraro yana ceton rai, amma bai auna gudummawar kwamitin ita kaɗai ba. Wahalar dai ita ce, harin da bai auku ba ba ya barin sawu.

Mudu na uku shi ne: shin abin da ke rubuce a takarda shi ake yi a makaranta? Misalai uku sun ishe mu. A makarantar sakandare ta Arapahoe a Kolarado, wani ɗalibi ya yi barazanar kashe malamin da ke horar da su muhawara a watan Satumba na 2013. An zauna an auna barazanar, aka ce ƙarama ce, bibiya kuma ta yi rauni. Ranar 13 ga Disamba ya dawo da bindiga ya harbi wata ɗaliba, wadda ta rasu bayan kwana takwas. A Parkland ta Jihar Fulorida, inda aka kashe mutum 17 ranar 14 ga Fabrairu na 2018, hukumar binciken da jihar ta kafa ta gano cewa an taɓa fara auna barazanar maharin a 2016 lokacin yana ɗalibi, amma aka yi aikin ba bisa ƙa'ida ba, kuma wanda aka ɗora wa aikin bai san tsarin sosai ba. Na uku shi ne na makarantar Oxford a Jihar Mishigan, ranar 30 ga Nuwamba na 2021. Da safiyar ranar wata malama ta ga yaro ɗan shekara 15 ya zana bindiga da jini, tare da kalmomin neman taimako. An kira iyayensa, ba su tafi da shi gida ba, ba a buɗe jakarsa ba, aka mayar da shi aji. Bindigar kuwa tana cikin jakar. Kafin a tashi makaranta ya kashe ɗalibai 4. Binciken da aka fito da shi a 2023 ya nuna cewa hukumar makarantun yankin tana da manufar auna barazana a rubuce, amma ba a horar da ma'aikata yadda ya kamata ba, ba a kuma yi amfani da ita a ranar ba. A 2024 kotu ta ɗaure iyayen yaron su biyu saboda sakacinsu.

Daga waɗannan misalai, masu kare shirin sukan ce ai laifin masu aiwatarwa ne, shirin ba shi da laifi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Idan duk inda aka zauna lafiya za a ce albarkar shirin ce, duk inda aka yi ɓarna kuma a ce ba a bi shi daidai ba, to an gina masa katangar da babu hujjar da za ta iya tsallakawa. Shirin da aka yi domin makarantu dubbai, dole a auna shi a hannun malamin da aiki ya yi wa yawa, da mataimakin shugaban da aka ba horon yini ɗaya shekara uku da suka wuce. Sauƙin aiwatarwa ko wahalarsa wani ɓangare ne na ingancin shirin.

Akwai kuma tambayoyi biyu da bai kamata mu tsallake ba. Ta farko, wa ya riƙe mudun? Kaso mai yawa na nazarce-nazarcen da muka ambata, su waɗanda suka ƙirƙiro tsarin Birjiniya ne suka gudanar da su, yawanci kuma a jiharsu. Wannan ba zargi ba ne, domin an buga ayyukan a mujallun da masana ke tacewa. Amma sanin kowa ne cewa shaidar da ta fito daga bakin bare ta fi kwantar da hankali, kuma sakamakon tsari ɗaya ba ya zama shaida ga duk wani kwamiti da ya ɗauki sunan. Ta biyu, su wane ne ake yawan kai ƙararsu? A Birjiniya an ga cewa ɗalibai masu buƙata ta musamman sun fi sauran yawan gurfana a gaban kwamitin nesa ba kusa ba, haka kuma ɗalibai baƙar fata sun ɗara kasonsu a cikin jama'ar makaranta. Abin da ya ɗan sanyaya rai shi ne, wani nazari da aka buga a 2018 bai ga bambanci a hukuncin da ya biyo baya tsakanin baƙaƙe da farare ba, alhali a sauran harkokin ladabtarwa a ƙasar bambancin sananne ne. Duk da haka, ƙungiyoyin kare haƙƙin naƙasassu suna da hujjar nuna damuwa, domin yaron da aka taɓa rubuta sunansa a matsayin mai barazana, tabon yana iya binsa ko da an wanke shi.

To, ina muka kwana? Hukuncinmu shi ne, shirin auna barazana ya tabbatar da kansa a matsayin hanyar da ta fi kora barkatai adalci da hankali, yana kuma tsare wa yara da yawa karatunsu. Wannan ma tsaro ne, domin yaron da aka kora cikin fushi ya fita daga idon malamai ne kawai, bai fita daga gari ba. Game da rage kisa kuwa, dalilan da ke goyon bayansa masu ƙarfi ne a hankalce, amma ba a iya tabbatar da shi da ƙidaya ba, kuma duk wanda ya zo ya ce mana shirin ya rage harbe-harbe da kashi kaza cikin ɗari, sai mu tambaye shi inda ya samo makarantun da ya kwatanta. Makarantar da ke son sanin ko nata kwamitin yana aiki, tana da abubuwan da za ta iya ƙirgawa: rahoto nawa ɗalibai suka kawo da kansu, awa nawa aka ɗauka kafin a zauna, yara nawa aka yi wa alkawarin taimako kuma nawa suka samu, nawa aka bibiya bayan wata uku, nawa suka ƙare karatunsu, kuma 'ya'yan su wa aka fi kira. Waɗannan alƙaluma ba su da armashi a bakin 'yan siyasa, amma su ne ke nuna ko akwai tuwo a ƙarƙashin miyar.

Kafin mu zauna, akwai jan hankali ɗaya da ya shafe mu a nan gida. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, an ƙaddamar da wani shirin tsaron makarantu a Abuja a watan Mayu na shekarar, wanda sunansa na Turanci ya yi kusan daidai da na binciken Amurka na 2002. Kada kamannin suna ya ruɗe mu. Abin da ya faru a Chibok, da na Ƙanƙara a 2020, hari ne na 'yan bindiga daga waje, shi kuwa shirin da muka tattauna an yi shi ne domin yaron da ke zaune a cikin aji. Kowace cuta da maganinta. Abin da za mu iya ɗauka daga wannan nazari shi ne ɗabi'ar tambaya. Ran da aka kawo mana shiri a ofis ko a makaranta aka ce yana kare rayuka, mu nemi a nuna mana abin da aka auna, da wanda aka kwatanta shi da shi, da wanda ya yi awon, sa'an nan mu je mu ga ko ana yin sa a inda babu mai duba.

A nan za mu dakata, domin mu bar lokaci ga masu tambaya da masu ƙarin bayani.  Allah ya kare ɗalibai a duk inda suke, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.